Gajere, Matsakaici ko Dogo: Zaɓen Allon Zamiyar Ƙanƙara Daidai da Jikinka

Duk shekara akwai 'ya'yan Kebbi da karatu ko neman halak ke kaiwa ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka. Wannan ya bar Birnin Kebbi ya tafi Turkiyya karatun likita, wancan ɗan Argungu yana Rasha, wata daga Yauri ta bi mijinta Kanada, ga kuma 'yan kasuwar Jega da ke zirga-zirgar Dubai sarin kaya. Ko ba daɗe ko ba jima abokai za su ja mutum zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake kira siki. A shagon hayar kaya tambayoyi uku za a yi masa: nawa ne tsayinka, nawa ne nauyinka, ka taɓa yi? Da amsar da ya bayar za a zaɓo masa allunan da zai ɗaura a ƙafa, kuma tsawon allunan nan na da hannu sosai wajen ko zai koma ɗaki da murna ko da kumburarriyar gwiwa.

Wannan rubutu na wanda ya rasa na ɗauka ne tsakanin allo gajere, matsakaici da dogo. Ra'ayina shi ne tsayi iyaka kawai yake shata maka, nauyinka da iyawarka su ke nuna inda za ka tsaya a cikin iyakar. Mu da muka fara taka ƙanƙara bayan mun girma, ɓangaren gajarta ya fi mana alheri, ko da zuciya na son a gan mu da dogo.

Abin da za ka auna tukuna

Na farko tsayi. Ka san shi da santimita tun kana gida, domin da santimita ake rubuta tsawon allo a ko'ina, har a Amurka inda suke auna mutum da ƙafa da inci. Ka jingina da bango ba takalmi ba hula, wani ya sa alama, a ari tef ɗin tela a auna. Ƙa'idar masu shago ita ce a tsayar da allon a gabanka, gindinsa a ƙasa, bakinsa ya tsaya wani wuri tsakanin haɓarka da tsakar kanka. Tazarar nan kimanin santimita 20 ce, kuma duk gardamar gajere da dogo a cikinta take.

A da ba haka ake awo ba. Kafin shekarun 1990 allunan miƙaƙƙu ne, mutum ya ɗaga hannunsa sama a nemo wanda bakinsa ya kai wuyan hannun, shi ya sa namiji babba ke hawa mai santimita 200 ko fiye. A farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Elan na ƙasar Sulobeniya suka fito da allo mai faɗin baki da faɗin baya, ƙugunsa siriri, wanda ke yanka kwana da kansa da zarar an kwantar da shi a gefe. Tun daga nan tsawo ya ragu. Saboda haka in ka ci karo da miƙaƙƙen allo zundum a kasuwar gwanjo ana ba da shi kamar kyauta, kayan wancan zamanin ne, ka bar shi inda ka gan shi.

Na biyu nauyi, kuma nan nake so ƙannena su saurara da kyau. Allo bai san tsayinka ba, nauyinka yake ji. Kwana tana samuwa ne idan nauyin mutum ya lanƙwasa allon har gefensa ya kama ƙanƙara. In allon ya fi ƙarfin nauyinka ba zai lanƙwasu ba, kai kana son dama shi yana miƙewa gaba. Samarinmu da yawa dogaye ne sirara. Ɗauki misalin saurayi mai tsayin 185 da nauyin kilo 62: jadawalin tsayi zai ba shi allon da aka ƙera don mai jiki ya fi shi da nisa. Irin wannan saurayi ya rage santimita 5 daga abin da jadawali ya ce, ya kuma nemi allo mai laushi. Wanda kuma gajere ne kakkaura, ya ƙara 5, don kada allon ya riƙa zillewa a ƙarƙashinsa. Yawancin mata ma sun fi jin daɗin allo mai laushi mara nauyi, amma dalilin nauyin jiki ne, mace mai ƙarfi da iyawa ba abin da zai hana ta ɗaukar dogo.

Na uku iyawa da salon zamiya. A Turai ana yi wa hanyoyin gangara alama da launi: kore da shuɗi masu sauƙi, ja matsakaiciya, baƙi ta gwanaye. A Amurka da Kanada kore ne, shuɗi, sai baƙi. Launin da kake sauka a kansa hankali kwance shi ne matakinka na gaskiya, ba wanda ka taɓa gangarowa sau ɗaya da kyar ba. Sannan ka tambayi kanka: ƙananan kwana kake so bi da bi a hankali, ko manyan kwana da gudu?

Na huɗu filin da za ka. Akwai gyararriyar hanya da mota ke daddaɓewa kowane dare, akwai sabuwar dusa mai laushi da ƙafa ke nutsewa a ciki, akwai kuma filin cikin gini. Ski Dubai da aka buɗe a 2005 a cikin Mall of the Emirates, gangararsa mafi tsawo kimanin mita 400 ce. Masar ma tana da irinsa, Ski Egypt, tun 2017. A irin waɗannan wurare kafin ka yi gudun da dogon allo zai yi maka amfani ka iso ƙasa. Duwatsun Turkiyya kuwa, Uludag kusa da Bursa, Erciyes a Kayseri da Palandoken a Erzurum, suna da dogayen hanyoyi da za ka ji bambancin kowane santimita biyar.

Na biyar ƙirar allon, wadda ke sa alluna biyu masu tsawo ɗaya su bambanta a ƙafa. In ka ajiye allo a ƙasa ka ga tsakiyarsa ta ɗan tashi, gaba da baya sun taɓa ƙasa, wannan ƙirar ita ce kamba. Da zarar ka hau, nauyinka ya danna tsakiyar, kusan dukan tsawonsa yana kama ƙanƙara. In kuma bakinsa ya fara ɗagawa tun da wuri, wani lokaci har da bayansa, wannan roka ce. Ɓangaren da ke taɓa ƙanƙara ya ragu, sai allon ya zama kamar gajere a ƙafa. Shi ya sa mai ɗaukar allo mai roka sosai ke ƙara kimanin santimita 5. Ka duba lambobin da ke jikinsa kuma. Faɗin ƙugu da milimita ake rubutawa: 65 zuwa 80 na gyararriyar hanya ne, 80 zuwa 100 na shiga ko'ina, abin da ya haura 100 na sabuwar dusa mai zurfi. Akwai kuma faɗin kwana da ake rubutawa da mita: 11 zuwa 13 mai saurin juyawa ne, 14 zuwa 18 tsaka-tsaki, 20 zuwa sama na manyan kwana. A samfuri ɗaya, duk sanda tsawo ya ƙaru faɗin kwanar ma yana ƙaruwa.

Sai kuɗi, ƙarko da haɗari. Abu ɗaya da ya kamata a sani game da kuɗi: a samfuri ɗaya na manya, mai 160 da mai 180 yawanci kuɗinsu ɗaya ne. Abin da ke cikin allon ke sa tsada, ko kumfa ne, ko katako, ko katako da shimfiɗar ƙarfe. Abin da ya sa ake ganin dogo ya fi tsada, allunan gwanaye ne aka fi ɗauka dogaye, su ne kuma ake zuba wa kayan ƙwarai.

Wanda ya kalli tseren kwale-kwale a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ko ya ƙetare Kwara a Yauri, ya riga ya san rabin maganar. Ƙaramin kwale-kwale bugun filafili ɗaya ya juya, amma igiyar ruwa kaɗan ta girgiza shi. Dogon jirgi yana miƙe hanya daram, sai dai juya shi sai mai ƙarfi da ya san ruwa. Allon zamiya ma haka yake.

Gajere: daga haɓa zuwa leɓe

Wannan shi ne ka cire santimita 15 zuwa 20 daga tsayinka. Darasin farko da malamin zamiya zai koya maka shi ne haɗa bakin allunan a gaba ka buɗe bayansu, da haka ake rage gudu a tsaya. Da gajeren allo wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin bakunan ba sa yawan hawa kan juna su harɗe ka. Juyawa ba ta buƙatar ƙarfin cinya mai yawa. In ka faɗi, kuma kowa na faɗuwa a farko, tashi ya fi sauƙi. Ɗaukarsa a kafaɗa daga shago zuwa bakin fili cikin takalman nan masu nauyi ma wani rangwame ne da sai wanda ya yi ya sani.

Rauninsa a gudu yake. Da zarar ka fara sakin jiki, bakin allon zai fara karkarwa, a kan ƙanƙarar da ta daskare kuma gefensa ba shi da tsawon da zai riƙe ka. A sabuwar dusa nutsewa yake. Farashinsa shi ne mafi sauƙi, sau da yawa ana sayar da shi haɗe da maɗaurin takalmi. Ƙarkonsa matsakaici ne, musamman mai kumfa a ciki, wanda ke saurin rasa ƙwarinsa. Amma gaskiyar magana iyawarka za ta wuce shi kafin ya lalace, shi ya sa nake ganin allon koyo na haya ne, ba na saye ba. Haɗarinsa kaɗan ne muddin kana tafiya a hankali. Yana zama babba ne ranar da ka bi abokai gwanaye kan jar hanya kana son kamo su.

A kula da abu ɗaya: ba kowane gajere ne na koyo ba. Allunan tseren sulalom, wanda ake zagaya sanduna kusa da kusa, gajeru ne ƙwarai. Dokar hukumar wasan ta duniya, FIS, ta sa mafi ƙarancin tsawonsu 165 ga maza, 155 ga mata, kuma ƙato mai tsayin 185 da mai 165 yake tsere. Amma masu tauri ne, suna kama ƙanƙara da ƙarfi, kuskure kaɗan su wurgar da mutum. In ka ga gajeren allo mai nauyi a hannu, mai wuyar lanƙwasawa, ka tambaya kafin ka ɗauka.

Matsakaici: daga hanci zuwa goshi

A nan za ka cire 5 zuwa 10. Wannan shi ne mazaunin mafi yawan masu zamiya, kuma wanda ya samu lokacin sanyi biyu ko uku a can, nan zai ƙare. Lokacin komawa gare shi shi ne sa'ad da ka daina haɗa bakin alluna, allunanka suka fara tafiya kafaɗa da kafaɗa a cikin kwana, kana sauka shuɗiyar hanya ba fargaba. Yana juyawa ba tare da gardama ba, yana kuma natsuwa a gudun da mai hankali zai yi. Da ƙugu mai faɗin 80 zuwa 90 da 'yar roka a baki, zai kai ka gyararriyar hanya da safe, ya kuma jure ƙanƙarar yamma da ƙafafu suka tattake ta yi tudu da kwari.

Kuɗinsa tsaka-tsaki ne, kuma a wannan mataki ake fara samun mai katako a ciki, wanda ke shekaru yana aiki in ana shafa wa ƙasansa kaki ana wasa gefensa. Wata fa'ida da ta shafi ɗalibi: masu nemansa sun fi yawa, don haka ranar da karatu ya ƙare sayar da shi ba zai yi wuya ba. Haɗarinsa ɗaya ne, a ɗauke shi tun ba a isa ba. Wanda ke ranarsa ta farko da allo a goshi zai ɓata kuɗin darasinsa yana kokawa da ƙafafunsa.

Dogo: tsakar kai ko fiye

Dogo na wanda ya iya ne, yake kuma son gudu ko shiga sabuwar dusa. Gefensa mai tsawo yana riƙe daskararriyar ƙanƙara, ba ya karkarwa, a dusa mai zurfi kuma faɗin jikinsa yana ɗaga mutum sama. Don ganin yadda gudu ke neman tsawo, a duba dokokin FIS na manyan gasanni. A babban sulalom mafi ƙaranci shi ne 193 ga maza, 188 ga mata, da faɗin kwana mita 30. A tseren gangara, inda gudu kan wuce kilomita 130 a awa, 218 ne ga maza, 210 ga mata, da faɗin kwana mita 50. Waɗannan mutane ne da suka tashi a kan ƙanƙara tun suna yara, suna tsere a hanyar da aka killace musu da raga.

Ga sauran jama'a, dogo yana neman ƙarfin ƙafa da tsayuwa daidai a kan allo. Wanda tsoro ke sa ya koma baya ya zauna a kan duga-dugansa, kuma wannan halin duk mai koyo ne, dogon allo zai ƙwace masa. A cunkoson jama'a ko ƙunƙuntar hanya kauce wa mutum ya fi wuya. In aka faɗi kuma, tsawon allon yana ƙara ƙarfin murɗawar da ke kaiwa ga gwiwa, kuma tsinkewar jijiyar cikin gwiwa na daga raunukan da aka fi sani a wannan wasa. Jinyarta watanni ce, wani lokaci sai an yi tiyata. Ɗalibin da iyaye suka sayar da shinkafa ko shanu suka tura, ya auna wannan da kyau. Farashinsa shi ne mafi tsada saboda ƙarfen da ke ciki, ƙarkonsa kuma shi ne mafi kyau. Ɗawainiyarsa a bas, jirgin ƙasa da jirgin sama ita ma ta fi.

| Ma'auni | Gajere | Matsakaici | Dogo |
|---|---|---|---|
| Inda bakinsa ke kaiwa | haɓa zuwa leɓe | hanci zuwa goshi | tsakar kai ko fiye |
| Juyawa | sauƙi ƙwarai | sauƙi | sai da ƙarfi da iyawa |
| Natsuwa a gudu | rauni | mai kyau | mafi kyau |
| Cikin sabuwar dusa | yana nutsewa | ba laifi | yana ɗagawa |
| Farashi | mafi sauƙi | tsaka-tsaki | mafi tsada |
| Ƙarko | matsakaici | mai kyau | mafi kyau |
| Babban haɗari | karkarwa in an yi gudu | ɗauka da wuri | ƙwacewa da murɗe gwiwa |

Ga kuma lissafin da santimita, ga mai matsakaicin jiki:

| Tsayinka | Gajere | Matsakaici | Dogo |
|---|---|---|---|
| 155 | 135 zuwa 140 | 145 zuwa 150 | 155 zuwa 160 |
| 165 | 145 zuwa 150 | 155 zuwa 160 | 165 zuwa 170 |
| 175 | 155 zuwa 160 | 165 zuwa 170 | 175 zuwa 180 |
| 185 | 165 zuwa 170 | 175 zuwa 180 | 185 zuwa 190 |

Kamfanoni ba sa yin kowane tsawo. Samfuri ɗaya yakan zo da tazarar santimita shida ko bakwai tsakanin wannan da wancan, don haka sau da yawa za ka faɗa tsakanin biyu. In kai siriri ne, ko mai koyo, ko mai tafiya a hankali, ɗauki na ƙasa. In kana da jiki, ko allon mai roka ne sosai, ɗauki na sama.

Inda wannan lissafi ba ya aiki

Yara nasu daban ne. Mai fara koyo a ba shi wanda ya kai ƙirjinsa zuwa haɓa, kuma kada a sayo dogo da nufin zai girma ya cike shi, domin kafin ya girma ya riga ya tsani wasan saboda faɗuwa.

Akwai kuma zamiyar fili, wadda ake yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da 'yan tuddai, duga-dugai a sake, ana tura jiki da sanduna. Ita ce Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a cikinta a gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Beijin a 2022. Allunanta sirara ne, kuma sun fi mutum tsawo: a salon gargajiya ana ƙara santimita 20 zuwa 25 a kan tsayi, a salon da ake tura ƙafa gefe-gefe kuma kimanin 10. A nan ma nauyi ke yanke hukunci, har ya fi na gangara. Ɗalibanmu da ke Rasha ko ƙasashen arewacin Turai wannan za su fi gani a bayan gari, kuma ta fi araha, ta fi ƙarancin haɗari. Kada a ɗauki jadawalin gangara a je da shi shagonta.

Haya ko saye

Haya ta fi ga duk wanda bai daɗe da farawa ba, kuma dalilin ya wuce kuɗi. A shaguna da yawa za ka iya komawa a canza maka tsawo a yinin. Ka fara da 160, in ka ji yana rawa ka dawo a ba ka 167. Babu jadawalin da zai gaya maka abin da ƙafarka za ta gaya maka a gangara biyu. Sabon allo da maɗaurinsa kuwa ɗaruruwan daloli ne, na gwanaye yakan haura dubu, kowa kuma ya san abin da wannan ke nufi in an mayar da shi naira.

In za ka zauna shekaru kana zuwa a kai a kai, fara sayen takalmi kafin allo. Takalmin da ya zauna a ƙafa ya fi kowane allo tasiri, ana kuma auna shi da tsawon tafin ƙafa da santimita. Allo kuma a jira ƙarshen lokacin sanyi, wajen Maris da Afrilu, lokacin da shaguna ke karya farashi. In na hannu za ka saya, duba gefen ƙarfen ko ya sha wasawa har ya sirance, duba ƙasan ko akwai rami mai zurfi, duba ko shimfiɗun jikinsa sun fara ɓaɓɓakewa. Maɗaurin da ya tsufa sosai kuma shaguna kan ƙi taɓa shi. Ranar dawowa gida a sayar da shi can. Kuɗin dakonsa a jirgi daban ne, babu inda za a yi amfani da shi a nan, zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu da ke haura digiri 40 kuma ba abokin irin wannan kaya ba ne.

Maganar maɗauri ta cancanci a tsaya a kanta, domin kowane tsawo ka zaɓa shi ne mai tsaron gwiwarka. An ƙera shi ya saki takalmi in an faɗi. Ƙarfin sakin yana da lamba, ana kiranta DIN, kuma mai shago yana fitar da ita daga nauyinka, tsayinka, shekarunka, tsawon ƙasan takalminka da matakin iyawarka. In ka ƙara wa kanka iyawa a baki, zai ɗaure shi da ƙarfi, ranar faɗuwa allon ya ƙi fita ƙafa ta murɗe. Ka faɗi gaskiya, kada kuma ka ari allon aboki ka hau ba a sake saita maɗaurin ba. Ka sa hular kwano. Ka duba takardar inshorarka, domin da yawa ba sa biyan raunin wasannin ƙanƙara sai an ƙara kuɗi. 'Yan'uwa mata kuma, a sa ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin rigar sanyi, saboda dogon mayafi na iya sarƙewa a kujerar da ke hawa da mutane kan dutse. Sandunan dogarawa da ake riƙewa a hannu kuwa, ka kifa sanda, mariƙinta a ƙasa, ka riƙe ta ƙarƙashin ɗan faifan da ke kusa da tsininta, in gwiwar hannunka ta lanƙwashe kamar harafin L to taka ce.

Wa zai ɗauki wanne

Alhajin da ya je Dubai ko Alƙahira sari ya ce bari ya gwada na awa biyu: gajere a haɓa, na haya, tare da malami. Babu dalilin wani abu daban.

Ɗalibi a lokacin sanyinsa na farko a Bursa, Kayseri ko Erzurum: gajere mai laushi, na haya. In dogo ne siriri, ya tsaya a ƙasan jadawali ko da abokai sun ce ya yi masa kaɗan.

Wanda ya fara sauka shuɗiyar hanya da alluna a jere, yana leƙa ja: matsakaici a hanci, ƙugu 80 zuwa 90. In sauran shekarunsa a can sun kai uku kuma yana zuwa sosai, saye ya fara yin ma'ana a nan.

Mai jiki, ko gajeren mutum ne ko dogo: matsakaici tun da ɗan wuri, mai ɗan tauri, don allon ya iya ɗaukarsa.

Dattijo, ko mai tsohon ciwon gwiwa, ko wadda ke son tafiya a natse tana kallon duwatsu: gajere zuwa hanci, mara nauyi, ko kuma zamiyar fili gaba ɗaya.

Mai son tsalle da juyi a filin da aka tanada don haka: allo mai ɗagaggen baki gaba da baya, tsakanin hanci da tsakar kai, bayan ya ƙware a gyararriyar hanya.

Wanda ya shekara da shekaru a Kanada ko tsaunukan Alfis na Turai, yana sauka baƙar hanya da niyya, yana bin sabuwar dusa: dogo, daidai kansa ko ya ɗara da santimita 5, mai roka da faɗin ƙugu sama da 100 in dusar yake nufi, mai kamba da siririn ƙugu in gudun gyararriyar hanya yake so.